Shekarun da Aka Hana Jarrabawar Rukuni: Nazarin Yadda Jami'ar Aalborg Ke Koyar da Injiniyoyi

A shekarar 2006 gwamnatin ƙasar Denmak, ƙarƙashin Firaminista Anders Fogh Rasmussen, ta hana jarraba ɗalibai a rukuni, ta ce daga lokacin kowane ɗalibi zai shiga gaban masu jarrabawa shi kaɗai, ya amsa da bakinsa, a ba shi makinsa. Hanin ya hau kan makarantun ƙasar baki ɗaya, amma babu inda ya yi ciwo kamar Jami'ar Aalborg, wadda tun buɗe ta a 1974 ta ɗora koyar da aikin injiniya a kan aikin rukuni, kuma ta saba jarraba ɗalibanta a zaune tare kamar yadda suka yi aikin tare. An shafe kimanin shekara shida ana tafiya a haka kafin wata gwamnatin ta janye hanin. Waɗannan shekarun sun zama gwajin da babu mai binciken da za a bari ya shirya da kansa, domin an zare azara ɗaya daga rufin soro aka bar sauran, kowa ya zuba ido ya ga ko rufin zai zauna.

Aalborg shi ne birni na huɗu a girma a Denmak, yana arewacin yankin Jutland a bakin mashigin ruwan Limfjord. A lokacin da ake maganar kafa jami'ar, gari ne na ma'aikatan masana'antu: kamfanin siminti na Aalborg Portland yana nan tun 1889, ga tashar ƙera jiragen ruwa, ga masana'antar taba. Mutanen yankin sun daɗe suna kukan cewa duk yaron da ya yi ƙwazo sai ya tafi Aarhus ko Kwapanhagan, kuma wanda ya tafi da wuya ya dawo. Da aka amsa kukan, ba a fara daga fili ba, an haɗe makarantun da ke garin ne, ciki har da makarantun injiniya biyu da ta kasuwanci da ta aikin jin daɗin jama'a, aka kira su Cibiyar Jami'a ta Aalborg, sunan da ta riƙe har 1994. Zamanin kuma na da nasa tasirin. Boren ɗaliban Turai na 1968 bai daɗe da lafawa ba, ana ta sukar farfesan da ke tsayawa a gaban aji yana zuba ɗalibai suna kwasa, kuma shekara biyu kafin buɗe ta Aalborg an buɗe wata cibiyar jami'a a garin Roskilde a kan irin wannan tunani. An yi wa cibiyoyin biyu kallon matattarar 'yan ra'ayin gurguzu a farkon lamari. Abin da ya bambanta Aalborg shi ne yawan injiniyoyin da ta gada daga tsofaffin makarantu, mutanen da suka san cewa komai daɗin muhawara, a ƙarshe sai gadar ta ɗauki kaya.

Sau da yawa ana haɗa tsarin Aalborg da wanda makarantar likitanci ta Jami'ar McMaster da ke Kanada ta fara a 1969, tunda dukansu suna farawa da matsala kafin darasi. Sai dai akwai tazara mai faɗi tsakaninsu. A tsarin likitanci malamai ne ke rubuta labarin maras lafiya, ɗalibai su tattauna shi na 'yan kwanaki, sannan a wuce zuwa na gaba. A Aalborg matsala ɗaya ce ke cinye zangon karatu guda, ɗalibai ne ke tsara ta da kansu, kuma a ƙarshe dole su fito da wani abu da aka lissafa, aka gwada, aka rubuta.

Lissafin lokacin shi ne ƙashin bayan tsarin. A ma'aunin nauyin karatu na Turai da ake kira ECTS, zango ɗaya awo 30 ne, kuma a Aalborg awo 15 na aikin rukuni ne, sauran 15 na kwasa-kwasai. Rabin zango ke nan, wato sama da awa 400 ga kowane ɗalibi, ta yadda rukunin mutum shida zai zuba sama da awa 2,400 a kan matsala ɗaya tsakanin Satumba da Disamba, ko tsakanin Fabrairu da ƙarshen Mayu. Laccoci sun fi yawa a makonnin farko, suna raguwa yayin da zangon ke tafiya, har a kai makonnin ƙarshe da kusan babu abin da ake yi sai aikin. Mai karatun da ya ratsa tsangayar injiniya a wata jami'ar Najeriya ya san aikin shekarar ƙarshe, ya kuma san watanni shidan da ake yi a masana'anta a aji huɗu ƙarƙashin shirin SIWES. To, ɗalibin Aalborg yana yin kwatankwacin aikin shekarar ƙarshe a kowane zango tun daga watansa na farko, saboda haka kafin ya karɓi digirin farko bayan shekara uku ya riga ya yi shida ko fiye, idan kuma ya zarce digiri na biyu kamar yadda akasarinsu ke yi, adadin ya kai goma.

Shekarar farko ita ce ta koyon yadda ake aikin kansa, kuma a nan ne ake ganin jami'ar ba ta ɗauki zaman rukuni a matsayin abin da kowa ya iya tun daga gida ba. Sabon ɗalibi yana farawa da ɗan gajeren aiki na kusan wata guda a rukunin da hukumar sashe ta haɗa, galibi mutum shida ko bakwai da ba su san juna ba. Akwai kwas na musamman a kan tsara lokaci, rabon aiki, gudanar da taro da warware saɓani. Rukunin na rubuta yarjejeniya tsakaninsu: ƙarfe nawa ake zuwa, me za a yi wa wanda ya makara sau uku, wa ke riƙe ajanda a wannan makon. A ƙarshen aikin, ban da rahoton fasaha, suna rubuta wani rahoton daban a kan yadda zaman nasu ya gudana, inda suka yi kuskure da abin da za su sauya. Daga baya ɗalibai ne ke zaɓen abokan aikinsu, kuma ranar zaɓen rana ce mai nauyi, domin al'adar ita ce ba a ɗaukar wani rukuni ya kammalu sai kowa a ajin ya samu wurin zama. Wanda ya yi lalaci a zangon baya yakan gane matsayinsa a wannan ranar ba tare da wani malami ya ce masa uffan ba.

Domin a ga yadda abin ke tafiya a kusa, a ɗauka ga rukunin ɗalibai shida a zango na biyar na fannin lantarki, jigon zangon kuwa shi ne sarrafa wani tsari ta yadda zai riƙa daidaita kansa. Jami'a ce ke tsayar da jigon da abin da ake son ɗalibi ya iya a ƙarshe, amma ba ita ke tsayar da matsalar ba. A ce sun zaɓi iskar gidan kaji. Manomin da suka ziyarta ya ce musu damuwarsa zafi ne, sai suka sa na'urorin awo na mako guda, suka tarar zafin na nan daidai, abin da ke tashi da dare shi ne danshi da warin ammoniya, saboda a lokacin sanyi ana rage gudun fanka don kada a yi asarar ɗumi. Makonni uku ke nan sun wuce ba su zana komai ba, kuma a idon wanda ya saba da lacca ɓata lokaci suka yi. A tsarin Aalborg kuwa wannan shi ne mataki mafi daraja, domin daga nan ne za su rubuta jimla ɗaya da ke fayyace ainihin abin da za su warware da abin da suka ajiye gefe. Bayan haka ne lissafi ke shigowa. Sai sun rubuta yadda ɗumi da danshi ke shiga da fita a ɗakin, sun sauƙaƙa lissafin har ya zama wanda za a iya aiki da shi, sun tsara na'urar da za ta riƙa ƙara wa fankar gudu ko rage mata, sun gwada a kwamfuta, sannan sun haɗa ƙaramin samfuri a ɗakin gwaje-gwaje. A nan sukan ci karo da abin da littafi ya ambata a layi ɗaya suka wuce: na'urar awon danshi tana jinkirin ba da labari, saboda haka fankar sai ta riƙa wuce gona da iri, ta yi sama ta yi ƙasa ba ta zauna ba. Ɗalibin da ya kwana biyu yana kallon wannan rawar fankar ba zai ƙara mance dalilin da ya sa ake lissafa jinkiri ba. A tsakiyar Disamba za su miƙa rahoto mai shafi tamanin ko ɗari, da sunan dukansu shida a bangonsa.

Malamin da aka ba su ba shugaban aikin ba ne, mai duba aiki ne. Yana zama da su kamar sau ɗaya a mako ko mako biyu, su ne ke kiran taron, su aika masa da abin da suka rubuta da tambayoyinsu tun kafin ranar. Aikinsa mafi wuya shi ne kame baki. Malamin da ya ga ɗalibai sun nufi rami, kuma ya san amsar, sai ya auna ko faɗawar za ta koya musu wani abu ko kuwa za ta cinye musu wata guda a banza. Ba kowane farfesa ke da wannan haƙurin ba, kuma a ganina nan ne tsarin ya fi rauni, domin rukuni biyu a aji ɗaya za su iya samun ilimi mabambanci ƙwarai saboda kawai wanda rabo ya haɗa su da shi. Sai kuma ɗaki. A tsarin asali kowane rukuni na da ɗakinsa na zangon, da allo da tebur da makulli, inda suke wuni tun safe har la'asar kamar ma'aikatan ofis. Lissafin da aka bari a allo ranar Talata yana nan ranar Laraba, wanda kuma bai zo ba kujerarsa ce ke ba da rahotonsa.

Ko tsarin ya haifar da ɗa mai ido? Akwai abubuwan da za a nuna da yatsa. A ranar 30 ga Yuni 2003 wani rokan Rasha ya tashi daga Plesetsk ɗauke da ɗan ƙaramin tauraron ɗan Adam mai faɗin santimita 10 ta kowane ɓangare da nauyin kilo ɗaya, wanda ɗaliban Aalborg suka ƙera a matsayin ayyukansu na zango, yana cikin rukunin farko na irin waɗannan ƙananan taurari da aka harba a duniya. Bai cika burinsa na ɗauko hotunan ƙasa ba, saƙonsa ya riƙa zuwa da rauni, batirinsa ya mutu cikin 'yan watanni. Amma ɗaliban da suka biyo baya sun gaji kurakuran a rubuce, aka harba na biyu a 2008, na uku kuma a 2013 daga Indiya, wanda ya yi aikin karɓo saƙonnin jiragen ruwa daga sama. Wasu daga cikin waɗanda suka yi na farkon ne suka kafa kamfanin GomSpace a 2007. A 2004 jaridar injiniyoyin Denmak, Ingeniøren, ta tambayi kamfanoni ra'ayinsu a kan waɗanda suka fito daga Aalborg da waɗanda suka fito daga Jami'ar Fasaha ta Denmak, wadda ta fi karkata ga tsarin lacca, sai kamfanonin suka sa su kusan kunnen doki a ƙwarewar fasaha, amma suka fifita 'yan Aalborg nesa ba kusa ba wajen tafiyar da aiki da hulɗa da mutane. A 2007 hukumar UNESCO ta kafa kujerar farfesa a kan wannan hanyar koyarwa a jami'ar, Anette Kolmos ta hau ta, kuma a rahoton da Ruth Graham ta rubuta wa jami'ar MIT ta Amurka a 2018, wanda aka gina a kan hira da masana ilimin injiniya na ƙasashe da dama, Aalborg ta zo ta huɗu bayan Kwalejin Olin da MIT da Stanford. Ya kamata a karɓi waɗannan da taka tsantsan. Ra'ayin kamfani da ra'ayin masana ra'ayi ne, ba awon abin da ke kan ɗalibi ba, sannan matashin da ya zaɓi Aalborg da sanin yadda take koyarwa wataƙila tun asali mai son aiki da mutane ne.

Yanzu a koma ɗakin jarrabawa kamar yadda yake kafin 2006. A watan Janairu ɗaliban nan shida za su shiga tare, su tarar da mai duba aikinsu da kuma mai jarrabawa na biyu, wanda a zanguna da dama daga waje yake zuwa, ko daga wata jami'a ko daga masana'anta, kuma ya karanta rahoton tun kafin ranar. Za su yi kamar awa guda suna gabatar da aikin, kowa da ɓangarensa, sannan a shiga tambayoyi na awa uku ko huɗu, ana hutawa a tsakani. A ce baƙon ya buɗe shafin lissafin iska ya tambaya, me ya sa kuka ɗauka cewa iskar ɗakin a gauraye take daidai ko'ina, alhali fankar tana bango ɗaya? Ɗaya zai ce sun yi haka ne don lissafin ya yi sauƙi. Baƙon bai gamsu ba, sai ya juya ga ta kusa da shi ya ce, ke kin yarda? Ita kuma ta ce sauƙi ba hujja ba ce, sun auna a wurare uku sun ga bambancin bai kai abin damuwa ba. Na uku ya tsoma baki cewa awon da rana aka yi shi, matsalar kuwa ta dare ce. Nan take baƙon ya tura shi allo ya nuna abin da zai faru da na'urar tasu idan bambancin ya ninka da dare. Cikin minti goma an taɓo abin da babu shi a rahoton, an ga wanda ya fahimta da wanda ya haddace, an kuma ga wanda bai buɗe baki ba, wanda tambaya ta gaba za ta nufa kai tsaye. Daga ƙarshe ɗalibai su fita, masu jarrabawa su tattauna, a ba kowa makinsa daban. Wannan gaɓar ta ƙarshe tana da muhimmanci, domin da yawa daga masu sukar tsarin sun ɗauka maki ɗaya ake raba wa kowa.

Hujjar gwamnati ba ta banza ba ce, kuma bai kamata a yi mata riƙon sakainar kashi ba. Ministan kimiyya na lokacin Helge Sander da takwaransa na ilimi Bertel Haarder suna cikin gwamnatin da ta dage cewa takardar shaida sunan mutum ɗaya take ɗauke da shi, saboda haka mai ɗaukar ma'aikata na da haƙƙin ya san makin da ke ciki na wannan mutumin ne. Duk wanda ya taɓa aikin rukuni ya san 'yan a bi yarima a sha kiɗa, masu laɓewa bayan ƙwazon wasu. A zaman awa huɗu na mutum shida, mai baki zai iya cinye fili, mai kunya ya tashi da ƙaramin maki alhali shi ya yi rabin lissafin. Ga kuma wani abin da ke ƙara zargi: a wancan lokacin, tun daga 1994, kuɗin koyarwa da gwamnatin Denmak ke ba jami'o'i ya ta'allaƙa ne da yawan jarrabawar da ɗalibai suka ci, don haka duk wata hanya da ake ganin tana sauƙaƙa tsallakewa dole a sa mata ido.

Da hanin ya fara aiki sosai a 2007, ɗalibai sun ci gaba da yin aikin tare da rubuta rahoto ɗaya, amma wajen tambayoyi sai su riƙa shiga ɗaya bayan ɗaya, kowa ya samu kamar rabin awa. Lissafin lokacin kaɗai ya isa ya nuna abin da aka rasa. A da rahoton na samun awa uku ko huɗu ana tona shi daga farko zuwa ƙarshe, kowace amsa tana zama tsanin tambaya ta gaba. Yanzu kuwa sai a fara daga tushe sau shida, kuma rabin awa ba ta isa a wuce bayanin abin da aka yi a kai ga dalilin yin sa ba. Mai jarrabawa ya shiga tsaka mai wuya: idan ya maimaita tambaya ɗaya ga kowa, na ƙarshe ya ji ta a baranda tun kafin ya shigo, idan kuma ya sauya, wani ya samu mai sauƙi wani mai tsauri. Babu sauran damar a ce wa ɗaliba, ke kin yarda da abin da ya faɗa? Kolmos da abokiyar aikinta Jette Holgaard sun bi diddigin lamarin da tambayoyi ga ɗalibai da malamai da masu jarrabawa na waje, kuma akasarin waɗanda suka ga tsarin biyu sun fifita tsohon. Abin da suka nuna shi ne jarrabawar ɗaiɗaiku na iya auna ko ɗalibi ya san abin da ke cikin rahoton, amma ta gaza wajen auna ko zai iya kare matsaya, ya karɓi suka, ya ɗora a kan maganar wani, waɗanda su ne abubuwan da manhajar ta ce saboda su ake aikin rukunin tun farko. Gaskiya ne masu binciken 'yan gida ne kuma suna da ra'ayi a kan batun, amma masu jarrabawa na waje ba su da abin karewa, kuma da yawansu daga kamfanonin da aka ce don su aka yi dokar suke.

A ganina darasin da ya fi girma a nan ya shafi halin ɗalibi ne. Ɗalibi a ko'ina yake yana karanta jarrabawa fiye da yadda yake karanta manhaja, kuma abin da za a tambaye shi a Janairu shi ke tsara yadda zai yi Oktoba. Idan ya san za a zaunar da shi da abokansa a sa su gyara wa juna magana a gaban baƙo, yana da dalilin matsa wa na kusa da shi ya fahimci lissafin, domin raunin wancan zai ja tattaunawar ƙasa. Idan kuwa ya san shi kaɗai zai shiga, ribarsa ita ce ya san ɗan wani abu game da kowane babi, sauran kuma kowa tasa ta fisshe shi. Dokar da aka yi don kama mai laɓewa ta rage wa abokansa dalilin damuwa da shi, alhali su ne suka fi kowa sanin ko wane ne.

Ana cikin wannan hali ne jami'ar ta taɓa wata azarar da hannunta. A tsohon tsari rabin kwasa-kwasan zango na tallafa wa aikin rukuni ne, ba su da jarrabawar kansu, ana auna su ne ta cikin jarrabawar aikin. Abin da aka lura shi ne ɗalibai na halartar laccar da ta shafi matsalarsu su yi watsi da wadda ba ta shafa ba, kuma rabin awa ba ta isa a bincika aikin da kwasa-kwasan duka ba. A 2010 tsangayar injiniya da kimiyya ta sake fasali, zango ya koma kwas uku masu awo 5 kowanne da jarrabawarsa, sai aikin rukuni mai awo 15. Wannan amincewa ce da sukar da aka daɗe ana yi, cewa wanda matsala ke ja wa akalar karatu zai iya zurfafa a wuri ɗaya ya bar ramuka a wasu wuraren, kuma akwai ginshiƙan lissafi da kimiyyar lantarki da ƙarfin kayan gini da injiniya ba shi da zaɓi a kansu ko matsalarsa ta buƙace su ko ba ta buƙata ba. Gyaran ya toshe wannan ɓarakar, amma ya zo da nasa farashin, domin kwas da aiki sun ɗan ja baya da juna, ɗalibi kuma ya samu jarrabawa huɗu da ke gasar lokacinsa a zango ɗaya.

A Oktoban 2011 gwamnati ta sauya, Helle Thorning-Schmidt ta zama Firaminista, Morten Østergaard ya karɓi ma'aikatar ilimi mai zurfi, kuma a 2012 aka mayar wa jami'o'i ikon jarraba ɗalibai a rukuni. Aalborg ta dawo da abinta a jarrabawar Janairun 2013, amma ba a yadda ta bar shi ba. An ƙarfafa sharaɗin cewa ban da tattaunawar gaba ɗaya, dole a fuskanci kowane ɗalibi da tambayoyin da aka nufe shi da su, yadda makinsa zai tsaya a kan abin da shi ya nuna, wato an ɗauki mafi ƙarfin hujjar masu hanin an saka ta cikin tsarin. Wani abin da ba a yi tsammani ba shi ne ɗaliban 2013 ba su taɓa ganin jarrabawar rukuni ba, haka ma matasan malaman da aka ɗauka a tsakani, sai da aka koya musu abin da a da ake gado daga na gaba. Binciken da Bettina Dahl da Kolmos suka yi bayan dawowar ya nuna akasarin ɗalibai sun karɓe ta, amma ra'ayi ya bambanta daga fanni zuwa fanni, kuma akwai waɗanda suka fi son a bar su su shiga su kaɗai.

Akwai kuma wani matsin da tsarin ke fuskanta tun daga lokacin. Ɗaliban jami'ar sun ƙaru har sun kai kimanin 20,000 a Aalborg da Esbjerg da Kwapanhagan, kuma tsarin da ke buƙatar malami ga kowane mutum shida da ɗaki ga kowane rukuni yana cin kuɗin da lacca ga mutum ɗari biyu ba ta ci. A fannoni da dama rukuni ba ya samun ɗakinsa shi kaɗai yanzu, sai dai babban zaure da aka yanka da allunan tsaye, ko ɗakin da ake karɓa na 'yan awoyi a miƙa wa wasu, a goge allon kafin a fita.